Tekna Mai Cuku da Fuskar Ubanta

Duk wanda ya san kasuwar Tamanrasat ya san Tekna mai cuku. Ita ce tsohuwar nan doguwa, busasshiya kamar sandar makiyayi, da ke zama jikin bangon masu dabino da faifai biyu a gabanta, ɗaya na cukun akuya, ɗaya na ganyen da ake jefawa a shayi. Cukunta kuwa in ka jefi kare da shi sai ya tafi yana ɗingishi. Amma ba da cuku aka fi saninta ba, da kallo ne. Dattijo zai zo ya tsaya da rawaninsa, ya ja amawali har kan karan hanci, yana taya cuku, ita kuma ta kafe shi da ido ƙuri kamar ta ba shi ajiya ya cinye. Wani ya tsargu ya gyara rawani, wani ya ajiye cukun ya yi gaba. Matan kasuwa suka ce miji take nema. Wane miji? Matar da ta binne ɗaya, ta kori ɗaya da sirdinsa a ka.

Ubanta take nema. Ta san ya mutu, ba mahaukaciya ba ce. Idonsa take nema a fuskar mutane, don ido kaɗai ta sani nasa.

Abin da ta riƙe ba shi da yawa. Tana ƙarama, ko haƙoran gaba ba ta zubar ba, suna zaune a tantin fata na uwarta can wajen Abalesa. Mutum ne dogo, ko kuwa ita ce ƙarama a lokacin. Idanunsa ruwan zuma, gefensu duk ya tattare saboda rana. Hannunsa shuɗi ne don turkuɗi, in ya ɗaga ta sai ya bar mata shuni a hammata. Yakan ɗora ta gaban sirdi su je rijiya su dawo. Ran nan ta kai hannu za ta ja amawalin ta ga inda muryar ke fitowa, sai ya kama 'yan yatsunta ya riƙe, ya yi dariya. Dariyar ma ta bayan ƙyalle ta ji ta.

Namiji mai mutunci a wurinmu Buzaye ba ya barin bakinsa a waje. Ko abinci zai ci sai ya cusa ta ƙarƙashi, musamman gaban surukai da baƙi da manya. Shi kuma uban Tekna baƙo ne da ya shigo cikin dangin matarsa, surukai na kewaye da shi safe da yamma, ina ya ga damar saukewa? Sai ya fi masu abin iya abin.

Daga nan aure ya mutu. Me ya kashe shi, oho. Tanti dai na mace ne, awaki nata, yara nata. Ya ɗauki sirdinsa da butar shayinsa ya bi ayari. Aka yi wa uwar bikin fita aure, aka yanka ɗan akuya, mata na kiɗa suna guɗa. Tekna na bayan tanti tana kallon hanya, aka ce ta zo ta ci nama.

In ta tambaya sai a ce mata, "Ke tamu ce. Ciki ne ke rina ɗa." Haka abin yake: dangin uwarka su ne danginka, uba kuwa mutum ne da ya zo ya wuce. Sunansa Ahmad, kamar rabin mazan duniya. Da labari ya zo cewa ƙishirwa ta kashe shi a hanyar In Sala, ko sunan ma aka daina faɗa, don ba a ambaton mamaci da sunansa. Sai dai a ce "wancan mutumin".

A bayan ido kuwa kowa da nasa labarin. Wasu suka ce Balarabe ne daga arewa, don wai in ya yi fushi da raƙumi da Larabci yake zaginsa. Wasu suka ce a'a, Barbar ne, cikin mutanen Mizab masu kantunan nan, ya gudo daga bayan kanta ya naɗa rawani. Wasu suka ce Buzu ne tsantsa daga Janet, wani abin kunya ya yi a can ya baro gida. Tekna ta yi girma da labaran nan uku a kai, kowanne ta ɗauka sai ta ji ya yi mata daidai na kwana biyu. In ta ga Larabawa sun sauke kaya sai ta ce cikin nan akwai ɗan baffana. In ta shiga kantin ɗan Mizab sayen sukari sai ta tsaya duban yatsunsa.

Ta yi aure, ta haifi maza uku da mace ɗaya. Fari ya ci awaki, suka dawo gari kamar kowa, ta kafa faifanta a kasuwa. Yaran suka girma, biyu na soja, ɗaya na tuƙa tanka. Ba wanda ya taɓa tambayarta wane ne kakansa. Su ma sun sha "ciki ke rina ɗa" tare da nono.

Akwai mutum ɗaya a garin da ya san wani abu, kuma shi ne wanda ba ta iya tambaya. Sunansa Bahedi, dillalin raƙuma a kasuwar dabbobi. Bayan uban Tekna ya bar uwarta ya sake aure a wani dangi can gabas, aka haifi Bahedi. Kowa ya san haka, ba mai faɗa. Shi ɗan uwarsa ne, ita 'yar uwarta, tantinsu ba ɗaya ba, ba su taɓa cin tuwo a akushi ɗaya ba. In sun haɗu a hanya ya ce, "Sannu uwar Anaba," da sunan ɗanta na fari, ita ta ce, "Sannu malam," kowa ya wuce. Kuma Bahedi irin mutanen da ne, wanda tun ranar da aka naɗa masa rawani ba a sake ganin haɓarsa ba. Har cewa ake matarsa ta haifa masa shida ba ta san ko yana da gemu ba. Idonsa kaɗai ne Tekna ba ta iya kallo. In ya nufo sai ta duƙar da kai ta hau gyara cukun da ba abin da ya same shi.

Ghali ne ya kawo mata labarin wasu likitoci. Ghali ɗan kawunta ne, taubashinta, tsohon direba da ba shi da aiki yanzu sai shayi da sa ido. Shi nasa amawalin kullum yana rataye a wuya kamar igiyar akuya.

Ya tsuguna gaban faifai ya ɗauki cuku ba tambaya. "'Yar Mizab, yau asirinki ya tonu."

"Ajiye min cuku, ɓarawo."

"Ka ji ko? Jinin kanti. Wasu likitoci sun zo daga jami'ar arewa, suna ƙaramin asibitin unguwarmu. Tsinke suke sa wa mutum a baki, su ɗebi yawu, wai a ciki za su ga daga ina kakannin ubanka suka fito. Na je na ba su nawa."

"Kai da bakinka ke buɗe tun safe, ai ba su sha wahala ba. Me suka gani? Jaki?"

"Sun ce sai sun kai can sun duba. Amma abin dariya, duk wanda aka ce ya faɗi asalinsa sai ya fara, uwata 'yar wance, uwarta 'yar wance. Likitar ta ce uba take tambaya. Tsoho ɗaya ya ce mata, me za ki yi da shi?"

Ya yi dariyarsa ya tafi da cukun. Tekna ba ta ko bi shi da zagi ba. Ta rufe faifanta da zane, ta ce wa mai dabino ya duba mata, ta kama hanya.

A asibitin ta tarar da samari a jere kan benci, 'yan zamani masu hula da wando matsattse. Dattijo ba ko ɗaya. Ta ratsa su ta shige ɗakin ba sallama, ta zauna kan kujera, ta wangale baki.

Likitar mace ce, Dakta Wardiya, Barbar daga duwatsun bakin teku, gajera mai tabarau. Ta tsaya da safar roba a hannu tana dubanta.

"Inna, haƙori ne? Ɗakin haƙori na gaba."

"Haƙorana sun fi naki ƙarfi. Yawu na kawo. Ubana nake so ki duba min."

Likitar ta cire safar ta jawo kujera. Ta ce abin da suke nema wata alama ce da ke jikin namiji kaɗai. Uba ya ba ɗansa, ɗan ya ba nasa ɗan, haka take gangarowa tun tale-tale, ba ta cika canzawa ba. 'Ya mace ba ta samunta.

Tekna ta ce, "To rabin jikina na wa ne?"

"Nasa ne, Inna. Kin gaje shi ta ko'ina. Wannan alamar ce kawai ba ta bin mace."

"Ina da 'ya'ya maza uku."

"Ta ubansu ke jikinsu."

"Wannan ai na san shi, ba sai an duba ba. Rago ne."

Samarin waje suka fashe da dariya, don ƙofa a buɗe take. Likitar ta yi murmushi ta ce sai dai in tana da ɗan'uwa namiji da suke uba ɗaya, ko ɗan baffa. Ta ci gaba da wani bayani mai tsawo, cewa ko an samu ma abin ba ya faɗin gari ko suna, aikin nasu na jama'a ne ba na mutum ɗaya ba. Tekna ba ta ji wannan ba. Kunnenta ya tsaya a kan "uba ɗaya". Ta tambaya yaushe za su tafi, aka ce ƙarshen mako. Ta tashi.

Kafin ta yi abin da ta san zai jawo mata magana, sai ta biya gidan Inna Hennu, ƙanwar uwarta, wadda ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka zauna da mutumin. Ta tsufa tukuf, tana zaune kan rairayin da aka zuba mata a tsakar gida, don ta ce siminti na cin ƙashinta.

"Inna, shekaru sun ja. Daga ni sai ke. Ki gaya min, wane iri ne?"

"Wa?"

"Kin san wa."

Tsohuwar ta yi ta zana ƙasa da yatsa. "Yana da kirki da dabba. Bai taɓa dukan raƙumi a fuska ba."

"Ba wannan na tambaya ba. Balarabe ne ko me?"

"Ke 'yar nan, kin yi jika kina tambayar yara. Mun ba shi tabarma, ya sha nonon awakinmu, ya tafi. Wa ke tambayar baƙo daga ina ubansa?"

"To fuskarsa fa? Da wa ya yi kama?"

Hennu ta ɗago. "Ni ina na gani? Surukina ne fa. Uwarki kaɗai ta gani, ta kuma tafi da abinta kabari. Ki je ki jiƙa min gero, kin zauna kin cika ni da surutu."

Tekna ta jiƙa mata geron. Tana wankewa tana tunanin uwarta, wadda ta yi jinya a hannunta wata da watanni, kullum tana cewa gobe zan tambaye ta, gobe zan tambaye ta, har ranar da ba goben.

Washegari da hantsi ta nufi kasuwar dabbobi. A nan ta yi kuskuren da ko yarinya ba za ta yi ba. Da ta aika Ghali, ko ta je gidan ta shiga wajen matar. Amma ƙarshen mako na ta matsowa, ita kuma ba ta taɓa iya kwana-kwana ba. Ta tarar da Bahedi zaune cikin dattawa a inuwar wata babbar mota, ana cinikin taguwa. Ta tsaya a kansu.

"Malam Bahedi, magana gare ni."

Ya ɗago a hankali. "Sannu uwar Anaba. Lafiya?"

"Likitocin nan da suka zo. So nake ka je ka ba su yawunka."

Wani dattijo ya ja amawalinsa sama kamar shi aka ce ya buɗe.

"In je in buɗe baki gaban mace baƙuwa ta cusa min tsinke?"

"Ai ba rai za ta cire maka ba."

"Don me?"

"Don in san ko 'yar waye ni. Alamar na jikinka, ni ba a ba ni ba. Ubana ubanka ne, kowa a nan ya sani. Ahmad ɗin da ya..."

"Baiwar Allah." Bai ɗaga murya ba. "Mamaci na kwance, ki bar shi. Ni ɗan uwata ne, kawunnena sun ishe ni. Ki koma wajen cukunki."

Ya juya ga mai taguwa ya ci gaba da maganar haƙoranta. Tekna ta tsaya kaɗan, ba wanda ya dube ta. Ta juya ta tafi, takalminta na cika da kashin raƙumi ba ta kula ba.

Kafin azahar labari ya gama gari. Wai Tekna ta kira sunan mamaci a tsakiyar kasuwar maza, ta ce dattijo ya tuɓe rawani. Ɗanta direban tanka ya bugo waya daga hanya yana cewa Inna me kika yi haka, ta kashe. Mai dabino ma da suke hira kullum sai ya tsiri lissafin buhu. Ghali ne kaɗai ya zo, kuma ran nan bai taɓa cuku ba.

"Kin kwafsa, 'yar Mizab."

"Na sani."

"Mutumin nan ko tari zai yi sai ya juya wa raƙuminsa baya."

"Na ce na sani. Tashi ka ba ni wuri."

Bai tashi ba. Ya zauna yana kora mata ƙuda daga faifai har la'asar. Kwana biyu Tekna ba ta kalli idon kowa ba. Dattawa suka zo suka sayi cuku lafiya suka tafi, wasu har mamaki suke.

Ranar da likitocin za su tafi, da safe, sai ga inuwa ta rufe faifanta. Ta ga takalmin fata, ta ga sandar raƙumi, ba ta ɗago ba.

"Akwai namiji a cikinsu?"

Muryar Bahedi ce. Ta ce akwai wani ma'aikaci, saurayi.

"To shi zai yi. A rufe ƙofa. Kuma ba don surutunki ba, kada ki ɗauka. Ki wuce gaba, ni ban san wurin ba."

Ƙarya yake, asibitin yana kan hanyar gidansa. Ta wuce gaba yana biye da nisa, kamar ba tare suke ba.

An riga an fara ɗaure akwatuna. Dakta Wardiya ta ga dattijo da rawani har ido ya shigo da ƙafarsa, ta kusa faɗuwa don murna, don duk zamansu irinsa ba su samu ko uku ba. Ta tambaye shi daga ina ubansa, ya ce bai sani ba. Kakansa fa? Ya ce in bai san na kusa ba ina zai san na nesa. Ya shiga ɗaki da saurayin, aka rufe ƙofa. Tekna ta zauna kan benci tana kallon ƙofar nan. Ba a daɗe ba ya fito, rawani a ɗaure tam kamar ba abin da ya faru, yana goge hannu a riga.

Tekna ta miƙe. "To Dakta, yaushe zan zo in ji? Balarabe ne ko Barbar ko namu ne?"

Likitar ta ajiye akwatin da ke hannunta. "Inna, ran nan na gaya miki, ina jin ba ki saurara ba. Ba ma sa suna a jikin abin, lamba ce. Kuma ko da na kawo miki nasa, ba zai raba miki gardamar nan ba. Akwai alama ɗaya da ta cika ƙasashen nan. Tana jikin mutanena na duwatsu, tana jikin 'yan Mizab, tana jikin Buzaye da yawa, tana jikin mutane da yawa da ba su jin komai sai Larabci. Akwai wata da ta fi yawa a gabas, ita ma za ki same ta a wanda bai taɓa cewa shi Balarabe ba ne. Abin na nuna hanyar da maza suka bi shekaru dubbai da suka wuce. Ba ya sanin garin mutum ɗaya."

"Ba ya sanin ko wane harshe uwarsa ta yi masa rarrashi da shi?"

"Ba ya sani."

"Ba ya sanin kamanninsa?"

"A'a, Inna. Ki yi haƙuri."

Tekna ta koma ta zauna. Ba ta yi kuka ba, ita ba mai kuka ba ce. Ta dai kama bakin mayafinta tana murzawa.

Bahedi ya ce, "Wato a banza aka sa ni na buɗe baki."

Likitar ta fara cewa ba banza ba ne, ilimi ne, amma ya riga ya kai ƙofa. Can ya tsaya bai juyo ba. "Uwar Anaba, rana ta yi. Zo ki sha shayi."

Bayan asibitin akwai busasshiyar ƙorama mai bagaruwa ɗaya. Nan ya shimfiɗa bargonsa. Irinsu ba sa yawo ba kayan shayi, ya kwance jakar fata ya fito da 'yar buta da kofuna da gawayi. Ya hura wuta. Ta zauna can gefen bargon, rabin jikinta kan rairayi. Shayin zagaye na fari ya nuna. Ya miƙa mata, ya ɗauki nasa ya juya gefe ya cusa ta ƙarƙashin amawali.

"Ɗaci," in ji ta.

"Haka wancan mutumin yake sha. Ba ya son sukari a na fari."

Ta riƙe kofin da hannu biyu. Wannan ne sabon abu na farko da ta ji game da ubanta tun tana yarinya.

"Me kuma?"

Ya daɗe yana juya buta. "Yana da tabo a nan, gefen babban yatsa, igiya ce ta ƙone shi. In zai ɗaure kaya sai ya yi wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ban san harshen ba. Ba Larabci ba ne, ba namu ba ne, ko kuwa duka biyun ne ya cakuɗa. Na yi ta neman wanda ya san ta a kasuwanni, ban samu ba. Yanzu ma na manta rabinta."

"Yi min rabin."

"Ni dattijo? A bakin asibiti?"

"Ka riga ka zubar da mutuncinka yau. Ƙarasa."

Ya yi wata 'yar ƙara a maƙogwaro, ba a san ko dariya ba ce. Bai yi waƙar ba. Ya zuba na biyu.

"Ya taɓa maganata?"

"In mun wuce ta Abalesa yakan tsayar da raƙumi a kan tudu. Ba ya cewa komai. Ni dai na ɗauka fitsari yake jira raƙumin ya yi."

Tekna ta dubi ƙoramar. Wata baƙar leda ta maƙale a ƙaya tana kaɗawa. Sannan ta yi tambayar da ta kawo ta duniya.

"Kai ka ga fuskarsa?"

"Ban gani ba."

"Kai ma?"

"Ina yaro ya mutu, ba na tare da ayarin. Kuma cikin dangin uwata yake zaune, kin san yadda abin yake." Ya tura gawayi da tsinke. "Kin ɗauka ke kaɗai ce? Ranar da kika zo kasuwa kika kira sunan nan, shekara nawa rabon da in ji shi a bakin mutum. Na koma gida na kasa cin abinci."

Ya wanke kofuna, ya ƙara ruwa da sukari da yawa, ya mayar da buta kan wuta.

"Uwata dai ta ce daga hanci zuwa ƙasa shi ne sak. Ta ce in na yi fushi ba ta son kallona. Ko gaskiya ne, ko don ta ji haushina ne take faɗa, Allah masani."

Na uku ya nuna. Ya zuba, ya miƙa mata. Ya duba hagu, ya duba dama, ba kowa sai wata akuya da ke cin kwali. Sai ya sa yatsa ɗaya ya jawo amawalin ƙasa har ƙarƙashin haɓa, yadda namiji ke yi in ba kowa sai 'yan ɗakinsu. Ya kai kofin baki ya kurɓa.

Bakin tsoho ne kawai. Fatar wurin fara sol kamar ta jariri don ba ta san rana ba, shuni ya zauna a cikin tamoji. Leɓen ƙasa ya fi na sama kauri. Haƙora shayi ya rina su, ɗaya babu. Gemu 'yan tsiraru, fari fat, ya karkace gefe ɗaya saboda matsin ƙyalle. Tekna ta bi shi da kallo daga hanci zuwa haɓa, ta sake dawowa. Ta ɗauko idanun nan masu ruwan zuma da ke kanta ta ɗora a sama, ta ga ko za su zauna. Wani lokaci su zauna, wani lokaci su zame. Ba ta san wanne ne na uban ba, wanne ne na uwarsa da ba ta taɓa gani ba. Balarabe, Barbar, Buzu, bakin bai ce komai ba.

"Ya isa haka, Yaya. Shayinki na hucewa."

"Bar shi ya huce. Ban gama ba."

Ya ɗauke kai ya dubi duwatsu, kunnensa ya yi ja kamar na sabon ango. Amma bai mayar da amawalin ba. Ya sa hannu ya ƙara gawayi a wutar, ko da yake ba sauran shayin da za a dafa.